Kafin ku turo a sayo muku sabon jakin jita, ku auna tsohon

'Yan'uwa makaɗa na gida, musamman masu turo saƙon a sayo musu sabon jakin tiremolo (ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar lantarki, mai sandar da ake dannawa sauti ya yi rawa) a nan Turai, da ku ne kuka shiga shagon gyara da ƙafarku da kun sha tambaya kamar a gaban likita. Wani saurayi ya shiga shagon gyaran jita da 'yar jitarsa mai araha ƙirar Stratocaster (shahararriyar jitar lantarki ta kamfanin Fender), kuɗi a hannu, yana neman jaki ƙirar kamfanin Gotoh, wai da ya taɓa sandar tiremolo sai saiti ya watse. Mai gyaran ko kallon jakin bai yi ba. Ya murɗa makullin tsirkiya ta uku a hankali, ya kara kunne kusa da kan jitar, sai aka ji ƙis. Ya ce ciwon yana nat, wato ɗan farin abin nan mai tsaga shida da tsirkiyoyi ke bi ta kai kafin su isa makullai. Ya ɗauko siririn zarto ya buɗa tsagar kaɗan, ya goga mata bakin fensir, ya miƙa masa jitarsa. Saurayin ya fita da kuɗinsa a aljihu, mai shago kuwa yana kallon ciniki ya wuce ko a jikinsa.

Wannan ya burge ni, ya kuma tuna mini da halinmu. Mu idan jita ta ƙi zama a saiti, abin da ya fi ƙyalli a jikinta muke ɗora wa laifi, mai gyara na gida kuma ba zai ce a'a ba tunda an zo da kuɗi. Alhali abin lissafi ne. Tsirkiyoyi masu kaurin 10 zuwa 46 suna jan jaki gaba da nauyin da ya kai kusan kilo 46, sifirin da ke bayan jitar suna jan sa baya, shi kuma yana reto a tsakiya. Idan ka danna sanda tsirkiya ta saki, dole ta zame ta cikin tsagar nat ta dawo daidai inda take. In tsagar ta matse, ko nat ɗin na roba ne mai laushi, sai ta maƙale. Ka sa jakin da ya fi jitar tsada, ƙis ɗin nan na nan. Don haka a fara da nat na ƙashi ko na TUSQ (wani abu mai tauri da ake sarrafawa a madadin ƙashi), sannan a duba ɗan ƙarfen da ke danne tsirkiyoyi biyu na ƙasa a wajen makullai, shi ma yana riƙewa.

To a ce jakin ne da gaske, domin na jita mai araha yakan zo da siririn bulo na tutiya (dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin jakin, inda sifirin ke kamawa) da sirada (ƙananan ƙarafan da kowace tsirkiya ke hawa) masu kaifin baki da ke cin tsirkiya. A nan babu wanda zai taɓa maka kaya sai ya ɗauko kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu. Abu na farko, tazarar sukuru. Jakin da Leo Fender, mai kamfanin da ya ƙirƙiro Stratocaster, ya fito da shi a 1954 sukuru shida ke riƙe da shi, kuma a tsohon ma'aunin Amurka daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na shida inci 2 da 7/32 ne, kusan milimita 56. Yawancin masu araha da ake ƙerawa a Asiya milimita 52.5 ne. A ido duk ɗaya suke, amma ramuka ba za su hau ba. Na biyu, tazarar tsirkiyoyi a kan sirada: akwai milimita 10.5, akwai 10.8, akwai 11.3. Ka ɗora mai 11.3 a kan siririn wuya, tsirkiya ta farko da ta shida za su koma bakin gaɓa, kana dannawa suna zamewa daga kan firet, wato siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar.

Na uku shi ne wanda ya fi kunyata mutane, kaurin jikin jitar. Cikakkiyar Stratocaster kusan milimita 45 ce, amma wasu masu araha, har da tsofaffin Squier Affinity (masu araha na kamfanin Fender), wajen 40 suke. Cikakken bulon ƙarfe zai leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa, sifirin su riƙa gogar rigarka. Irin waɗannan gajeren bulo ake nema musu, mai wajen milimita 36. Idan bulon kaɗai za ka canza ka bar farantin sama, sai ka auna ramukan sukuru uku da ke haɗa su, da inda ramin sanda ya faɗa. Ita ma sandar ba kowace ke shiga ba: zaren ta Amurka 10-32 ne, na Asiya kuwa M5 ko M6. Wanda ya tura ta da ƙarfi ya cinye zaren bulon, shi ke nan. Gane bulo ba wuya, kara masa maganaɗisu. Sitil zai kama, tutiya ba za ta kama ba, tagulla kuma kalarta ke tona ta.

Kada ku ɗauka nan komai zuma ne. Mai gyara sai ya sa ka a layi na makonni, kuma ladan aikinsa na iya kamo darajar jitar gaba ɗaya, shi ya sa masu jita mai araha da yawa ke koyon yi da hannunsu. Ga haushin ma'auni biyu: alankin (ɗan ƙarfen murɗa sukuru) siradan Amurka inci 0.050 ne, na Asiya milimita 1.5, ka sa wannan a wancan ka lalata kan sukurun. Masu sayarwa ta intanet kuma suna rubuta cewa jakin ya dace da kowace Stratocaster, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke rage zafi shi ne dokar Tarayyar Turai da ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya, amma in ka ƙarce shi wajen gwaji za a iya zaftare maka kuɗi. Ku da za a kawo muku daga nesa ba ku da wannan damar, shi ya sa nake cewa ku turo lambobi, ba hoto ba. Wani lokaci dai mutum kan yi kewar mai gyaran da za ka zauna kusa da shi ana hira har aiki ya ƙare a ranar. Hannu muna da shi, awo ne muke wa kallon ɓata lokaci.

Wajen ɗaurawa, idan ramuka ba su hau ba kada a karkata sukuru a tilasta shi. A cike tsofaffin da turken katako mai tauri da gam, a bari ya kwana, a sake hudawa a miƙe da siririn bakin dirila. Katakon irin waɗannan jita yana da laushi, tsinken sakace ba zai riƙe kilo arba'in da wani abu ba. Kafin huda a auna daga nat zuwa firet na 12, ya kamata a samu milimita 324, sirdin tsirkiya ta farko kuma ya faɗa wajen 648 yana da sauran wurin matsawa gaba da baya. Wayar atin da ke liƙe a farantin da sifirin ke maƙale a mayar da ita, a goge wurin da samfefa tukuna domin dalma ta kama. Wanda ya manta da ita, amfilifaya ce za ta tuna masa da ƙugi.

Makullai in za a canza su, na zamani ramin milimita 10 suke so, na tsohon yayi ya fi ƙanƙanta, kuma da abin faɗaɗa rami ake buɗa shi a hankali, dirila na iya tsaga kan jitar.

Sukuru shida na gaba ba ɗaure su ake tamau ba. Biyun gefe su taɓa farantin kawai, huɗun tsakiya a ɗaga su kamar milimita 1.6, ta yadda jakin zai reto a kan biyu. Jaki mai turke biyu maimakon sukuru shida kuwa kada a murɗa turakunsa tsirkiya na ɗaure, bakin wuƙar zai dakushe. Sifirin uku sun isa. A cusa ɗan katako tsakanin bulo da jikin jitar har bayan jakin ya tashi milimita 3.2, a saita duk tsirkiyoyi, sannan a riƙa ɗaure sukuru biyun farantin sifirin kaɗan-kaɗan har katakon ya faɗo da kansa. Daga nan a daidaita tsayin tsirkiya ya zama milimita 1.6 a firet na 17, a kwatanta sautin firet na 12 da na tsirkiya a sake. In na firet na 12 ya fi tsini a ja sirdin baya, in ya gaza a matso da shi gaba.