Haɗin ganyen zafin saduwa bayan haihuwa: ra'ayina

Ƴan uwa mata gaskiya haɗin nan tauraro 2 zan ba shi. Na jiƙawa a zauna ciki ba laifi, ɗumin yana sassauta wajen ɗinkin, amma na matsin wallahi kar ki kusance shi, raɗaɗi yake kamar an zuba barkono ga ƙaiƙayi, kuma ko sunan ganyen babu a jikin robar.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa, shayarwa tana rage sinadarin estirojin, wato sinadarin jikin mace mai sa gaba danshi, shi ya sa gaba ke bushewa, to mai bushewa kuma a ba ta abin matsi ina amfaninsa? Man saduwa mai ruwa-ruwa na kemis ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba. In zafin ya wuce sati 6 ko akwai wari da zazzaɓi, don Allah a je asibiti a duba ɗinkin.