Shekara ɗaya da yarona a lesin lissafi na Mabera

Albasa nake saye da sayarwa a kasuwar Ramin Kura da ke Sakkwato, kuma lissafin buhu ko na mota bai taɓa ba ni wahala ba. Amma a watan Yulin 2024, da babban ɗana ya kawo sakamakon aji ɗaya na ƙaramar sakandare, na ga 31 a gaban lissafi, na rasa ta inda zan kama. Katin ya nuna C.A., wato makin gwaje-gwajen cikin zango, 14 cikin 40, jarabawa 17 cikin 60, sai malaminsu ya rubuta a ƙasa cewa ya ƙara ƙoƙari. Ƙoƙari a ina? A ninkawa ne ya gaza, ko a rabawa, ko a haruffan nan da suke cusawa cikin lissafi? Babu wanda ya iya gaya mini, har shi yaron.

Wani maƙwabcina a rumfa ya nuna mini wani malami da ke lesin a Mabera, a wani shago da aka fasa bango aka haɗa da zaure. Yaron ya yi shekarar karatu guda cif a wurinsa, daga Satumba zuwa Yuli, shi ya sa na ga ina da bakin magana ga iyayen da ke tambayata ko su kai nasu.

Ranar farko Malam bai karɓi kuɗina ba. Ya zaunar da yaron ya ba shi tambayoyi 20 na aji ɗaya, ya ce in dawo bayan awa guda. Da na dawo ya shimfiɗa mini takardar ya ce, "Alhaji, wanga yaro shina da kai. Tarawa da ɗebewa ba shi da matsala. Inda yaf faɗi shi ne rabi da kwata da sulusi, kuma duk abin da za a yi aji biyu bisa kansu aka gina shi." Wannan ne karon farko da wani ya ɗora mini yatsa a kan ciwon.

Sai ya ba ni takarda guda, gaba da baya, da Hausa. Har yau tana manne a bayan ƙofar ɗakina, kuma a ganina ita ce mafi tsadar abin da na saya a wurin. Gaban takardar jadawalin shekara ne, mako-mako, zango uku. Ya ce ya bi manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun ƙasar nan, wadda a kanta ake fitar da tambayoyin BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandare, a ƙarshen aji uku. Zangon farko na lambobi ne: maimaita ɓangarorin lamba, kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, rangwame. Zango na biyu aljabara. Na uku kusurwoyi, alwatika, dokar Pythagoras, da ɗan ƙididdiga. A kowane zango ya bar mako biyu babu sabon darasi, ya rubuta "gyara" a gabansu. Na tambaye shi ko ba asarar lokaci ba ce. Ya ce bai taɓa koyar da shekarar da ba a sami yaran da aka bari a baya ba, don haka gara ya tanadar musu wuri tun farko.

Abin da ya fi burge ni a jadawalin shi ne mutumin ya san garin da yake zaune. Ranakun lesin Alhamis ne da Juma'a bayan la'asar, ranakun da yawancin islamiyyu ba sa zama, sai Asabar da safe. Ya duba ya ga azumi zai faɗo a watan Maris na 2025, a tsakiyar zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, sai ya ja darussan aljabara masu nauyi ya kai su Janairu da Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu bai gama sakin gari ba kuma kan yara yana ɗauka. Da azumin ya kama ranar 1 ga Maris, zama ɗaya ya rage a mako, safiyar Asabar, bita kawai.

Bayan takardar kuwa dokar maki ce. Aikin gida 20, gwajin da ake yi duk bayan mako biyu 20, littafin gyara 10, jarabawar ƙarshen zango 50. Littafin gyara wani ƙaramin littafi ne da yaro zai sake yin duk tambayar da ya faɗi, ya rubuta da hannunsa inda ya kauce. A ƙasa ya ja layi a kan wata magana: amsa ita kaɗai ba ta cin cikakken maki ko da daidai ce, hanyar da aka bi kuma tana cin maki ko da amsar ta ɓaci.

Da farko ban yarda da wannan ba, domin a kasuwa in ka ɓata lissafi ka ɓata, babu mai biyanka ladan hanya. Wata tambaya ce ta sauya mini tunani, kuma daga bakina Malam ya ɗauke ta, don yakan tambayi iyaye sana'arsu ya gina tambayoyi a kai. Ɗan kasuwa ya sayi buhu 20 na albasa a kan naira 30,000 kowane, ya ajiye a rudu, wato ma'ajiyar albasa, biyu suka ruɓe, ya sayar da sauran a kan 40,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Yarona ya rubuta kashi 33 da ɗoriya, saboda ya duba 10,000 da ta hau kan kowane buhu ya manta da biyun da suka ruɓe. Amsar gaskiya kashi 20 ce: an kashe 600,000, an sami 720,000, riba 120,000. Malam ya ba shi 6 cikin 10, ya zagaye wurin da jan biro ya rubuta, "Ina buhu biyu?" Da a ce sifili aka ba shi, da ni da shi duk mun ɗauka bai iya kashi cikin ɗari ba, alhali ya iya sarai, karatun tambaya ne yake yi da gaggawa. Daren nan muka zauna a tabarma na ba shi labarin shekarar da ruɓa ta cinye mini kusan sulusin ajiyata, ya lissafa mini faɗuwar da kansa.

Akwai darasin kuɗin ruwa a manhajar, kuma na ji nauyinsa da na gan shi a jadawali. Malam ya gaya wa yaran a fili cewa ana koyar da shi ne domin yana fitowa a jarabawa kuma domin mutum ya gane abin da ake rubuta masa a takardar bashi, hukuncinsa kuma sun san shi daga malamansu na islamiyya. Wannan ya kwantar mini da hankali.

Ba ya duka. Abin da yake nema ga yaro kaɗan ne kuma a rubuce yake: littafi biyu, biro, fensir, rula, akwatin kayan lissafi kafin zango na uku, zuwa kafin a rufe ƙofa, kuma babu kalkuleta. Ga iyaye kuwa, sa hannu a littafin gyara duk Asabar. Wanda ba ya rubutun boko ya sa da ajami, ya ce duk ɗaya ne.

To, akwai inda raina bai kwanta ba, kuma na gaya masa ido da ido kafin in rubuta a nan.

Da muka fara yara 18 ne. Zuwa zango na uku sun kai 30 a ɗakin nan mai fanka ɗaya, a watan Mayu, kuma in aka ɗauke wuta babu sola babu janareta. Takardun gwaji da suke dawowa cikin kwana biyu suka koma sai bayan mako ɗaya, wani lokaci har an shiga sabon darasi. Amfanin tsarinsa duka yana cikin saurin dawowar jan biron nan. In ya yi jinkiri, yaro ya riga ya manta abin da ya sa ya yi kuskuren. Kuɗin kuma ya tashi daga 6,000 a wata zuwa 8,000 a tsakiyar shekara. Na san komai ya yi tsada, ban ga laifin ƙarin ba, amma mutumin da ya iya hango azumi tun Satumba ya kamata ya sanar da mu ƙarin kuɗi kafin zango ya fara.

Dokar aikin gida ma ta yi tsauri. In aka makara kwana ɗaya rabin maki ya tafi, kwana biyu babu komai. Lokacin da albasar rani ke sauka daga Goronyo da Wurno, yara da yawa a unguwarmu suna taimakon iyayensu, nawa ma yakan zo rumfa. Sau biyu ya rasa maki a kan aikin da ya yi daidai. Malam ya ce in ya buɗe ƙofar uzuri ba za ta rufu ba. Na fahimce shi, amma wanda ya ware mako biyu don gyara zai iya ware wa kowane yaro uzuri biyu a zango. Sannan jerin darussansa ba kullum yake tafiya da na makarantar yaron ba. A zango na biyu makaranta ta riga shi shiga kusurwoyi, yaron ya sha wahalar gwaji ɗaya a can. Duk wanda zai kai nasa, ya karɓo jadawalin makarantarsu ya nuna wa Malam tun ranar farko. Ni ban yi ba.

A Yulin 2025 katin makaranta ya nuna 58: C.A. 25, jarabawa 33. Ba na ɗaya ya zo ba, ba kusa ba ma. Amma da na tambaye shi ina sauran makin suka tafi, ya ɗauko littafin gyara ya buɗe mini shafi uku, duka a kan auna kusurwa, ya ce, "Baba, nan ne, kuma Malam yac ce da shi za mu fara." Na biya kuɗin watan Satumba na aji uku, da sharaɗin in yara suka wuce 20 a raba ajin gida biyu. Ya ce zai nemi mataimaki, ni kuma na ce zan leƙo a mako na uku in ƙirga takalman da ke ƙofa.