Agogon jika tara mai auna tansiyon har da na goro

Wata biyu kenan da na sayi agogon nan da ake ta ɗaurawa yanzu, mai haɗuwa da salula, kuma tun lokacin 'yan fadarmu ke tambayata ya yake, ya yake, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya huta. A Kasuwar Dole ta nan Damagaram na saye shi wajen masu kayan waya, ba zan faɗi rumfar ba, don shi ma yaron sarowa ya yi, ba shi ya ƙera ba. Ya fara da jika sha biyar (jika ɗaya sefa dubu ce), na ce masa haba ɗan uwa ai ba baƙo ba ne ni, muka yi ta ja har muka tsaya a jika tara, ya ƙara mini da madauri guda na roba ruwan lemo. Kwalin kam sai ka rantse daga Amurka ya fito, fari fes, an rubuta Ultra da manyan baƙaƙe, amma duk juyin da na yi masa ban ga sunan kamfani ba ko adireshi, China kawai aka sa a ƙasa. Kwaikwayon Apple Watch Ultra ne, wanda ya fito a 2022 a kan dalar Amurka 799, wato kusan jika ɗari biyar a kuɗinmu. To kai da kanka ka san abin jika ɗari biyar ba zai zo Dole a jika tara ba, ni ma na sani, ado nake so da kuma in daina zaro waya daga aljihu ina kan mashin.

Abin da yake yi da kyau ba zan ci haƙƙinsa ba. Lokaci dai daidai yake, tunda daga waya yake ɗauka. In an kira ka yana girgiza a hannu ya nuna maka sunan mai kiran, kuma kana iya amsawa ta nan, akwai ɗan lasifika a gefe, muryar dai kamar mutum na magana daga cikin tulu amma ana ji in ba a tsakiyar kasuwa kake ba. Wannan kaɗai ya yi mini amfani, don da can in ina kan hanyar Birni zuwa Sabon Gari wayar na ƙasan aljihun wando sai na iso in tarar da kira biyar. Saƙon WhatsApp ma yana nunawa, sai dai ka gani kawai, ba ka mayar da amsa, kuma in vokal ne aka turo maka to ba ka ji, hoton makirufo kawai zai nuna, alhali mu nan Damagaram wa ke rubutu? Kowa vokal yake yi, na minti huɗu ma. Wani abin haushi kuma in wani ya rubuto Hausa da ƙ ko ɗ ko ɓ sai agogon ya sa ɗan akwati a wurin, ƙanena ya rubuto "ɗauko ƙwai" na tsaya ina ta kallon akwatuna. Faransanci akwai a ciki, Larabci ma akwai, Hausa babu.

Batir ɗin yaron ya ce kwana bakwai. Ƙarya ne. In ka bar shi haɗe da waya wuni guda da rabi yake yi, in ka yi ta amsa kira da shi kafin isha'i ya mutu. Cajarsa kuma wata 'yar faifai ce mai maganaɗisu da kake ɗora shi a kai, in ta ɓata ko ɓera ya ci wayar shi kenan, ba irin USB-C ɗin nan ba ce da za ka ara wajen kowa. Ga shi a nan in an ɗauke kuran a watan zafi mutum na lissafin me zai fara sa wa caji, waya ko fitila ko fanka, yanzu na ƙara wa kaina ɗa na huɗu. Da rana tsaka kuma gilashin ba ya ganuwa sam, sai ka yi masa rumfa da tafin hannu kamar mai kunna ashana a iska. Madaurin roba a zafin Afrilu, kai, kwana uku ya fito mini da ƙuraje a wuyan hannu, sai da na sa wani baduku a Birni ya yi mini na fata. Maganar ruwa an rubuta IP67, wanda a ƙa'ida ma'anarsa zai jure zurfin mita 1 na minti 30, amma ni ban yarda da rubutun ba, cire shi nake duk alwala, dama dai sai ka cire ko ka motsa shi ruwa ya kai ga fata.

Mai ƙirga taku ma akwai. Ran nan na hau kabu-kabu muka bi wata hanyar da ba kwalta, na sauka na ga wai na yi taku sama da dubu, har da tafi yake mini a gilashi. Girgiza kawai yake ji ya ƙirga.

Duk wannan da na faɗa da sauƙi, abin jika tara ne, dariya za ka yi ka wuce. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne ɓangaren lafiya, don da shi ake tallar agogon, da shi yaron ya ja hankalina, ya ce yana auna bugun zuciya, yana auna tansiyon wato hawan jini, yana auna iskar da ke cikin jini, har ciwon suga wai yana aunawa ba sai an huda maka yatsa ba. In ka juya bayansa za ka ga wata koriyar wuta na ƙiftawa. A agogo na gaske wannan wutar aiki take yi: jini na shanye hasken kore, duk sanda zuciya ta buga jinin da ke wuyan hannu ya ƙaru sai hasken da ke dawowa ya ragu, akwai wani ɗan ido a gefe da ke lura da haka yana ƙirgawa. Da haka ake samun bugun zuciya, kuma manyan agogo suna samunsa kusan daidai. Amma tansiyon wata magana ce daban. Samsung ma da girmansa, agogonsa sai ka daidaita shi da na'urar damtse ta gaske duk sati huɗu kafin ya ba ka lamba. Huawei da suka so yin abin sosai sai da suka sa 'yar jakar iska a cikin madaurin Watch D tana kumbura tana matse hannu irin na likita. Apple kuwa sai a Satumba 2025 suka fito da nasu, shi ma ba ya ba ka lamba ko ɗaya, yana bin ka ne kwana 30 in ya ga alama ya ce je ka a auna ka. To wai duk waɗannan sun sha wuya haka, sai nawa na Dole ne ya gama da matsalar cikin daƙiƙa goma.

Yadda asirinsa ya tonu a fada ne. Muna zaune bayan magariba ana jiran shayi na biyu, kowa na miƙo hannu in auna shi, mu bakwai, da mai ƙiba da siriri da wanda ya gama turo mashin ɗinsa da ya mutu tun daga Zango yana haki, duk abu ɗaya yake ba mu, 12/8, 11/7, 12/8, irin yadda ake faɗa a likitocinmu, wato 120/80 a lissafin 'yan Najeriya. Sai wani abokinmu malamin lakwal ya ce kawo nan, ya zaro goro fari babba daga aljihu ya manna a bayan agogon ya danna. Muka yi shiru. Wallahi sai ga shi ya kawo, zuciyar goro na bugawa 78 a minti, tansiyon 12/8, iska 98. Aka sa a kan kofin shayi, shi ma lafiyarsa ƙalau. Aka sa a ƙafar benci. Mai shayin har da cewa a gwada butarsa ko tana da suga. Dariyar da aka yi ran nan har maƙwabta sun leƙo.

Malamin ya ce ai abin ba sabo ba ne, a 2018 a China mutane sun yi ta ɗaura Mi Band 3 na Xiaomi a kan naɗin takardar bayi da ayaba yana nuna bugun zuciya, hotunan suka zagaye intanet, can dai hasken ne ke dawowa ya ruɗa idon. Amma nawa ni ina ganin ko ruɗewa ba ya yi, lambobi ne aka zuba masa a ciki yana zaro maka wanda zai faranta maka rai, don ko a iska ka riƙe shi ba ka manna da komai ba sai ya kawo.

Na dawo gida dariyar ta tsaya mini a wuya, don sati biyu kafin nan Inna ta ga agogon ta ce kai ɗan nan, an ce abin naka na gwada jini, zo ka gwada ni, kaina ke sarawa tun jiya. Na ɗaura mata ya ce 12/8, na ce Inna lafiyarki lau, rana ce kawai, ki sha ruwa. Ita kuwa dama tana da hawan jini, an rubuta mata magani, kuma ba ta son shansa, sai ta samu hujja, ashe tun ranar ta ajiye ƙwayoyin a cikin kwalla ta ce ai na'ura ta ce ta warke. Da safe ban ko karya ba na ɗauke ta sai CSI, wato ƙaramar likitar unguwarmu. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya naɗa mata abin damtse ya matsa, ya sake, ya ƙara, ya dube ni ya ce 17/10, me ya sa ta daina magani? Na rasa ta cewa. Da na nuna masa agogon bai ma yi faɗa ba, girgiza kai kawai ya yi ya ce ba ni ne na farko ba. Daga 14/9 zuwa sama an shiga hawan jini, kuma mugun halinsa kenan ba ya ciwo sai ya kayar da mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Alhamdulillahi ta koma kan maganinta, amma har yanzu in na tuna sati biyun nan sai gabana ya faɗi.

Na sugan ma ya fi muni. Tun 21 ga Fabrairu 2024 hukumar FDA ta Amurka mai kula da abinci da magunguna ta fito ta ce kada kowa ya dogara da agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba, ba ta amince da ko guda ɗaya ba, na kowane kamfani ne. Ka ɗauka mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin ya duba irin wannan ya ga lambar ƙarya ya ƙara ko ya rage, ai sai dai a kwashe shi. Kuma a Facebook da TikTok har gobe ana tallarsu da hoton tsoho yana murmushi.

Na koma wajen yaron ba don ya mayar mini da kuɗi ba, na san kaya in sun bar rumfa sun bari. Na sa masa goron a gabansa ya gani, ya yi dariya ya ce yaya ai kowa ya san wannan na ado ne. Na ce to me ya sa ran nan ka ce mini yana auna suga? Ya ce haka aka ce musu su ma. Ya ciro 'yar takardar cikin kwali, can ƙasa da Turanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata an rubuta wai ba kayan likita ba ne. Wa zai karanta wannan, Inna?

Manhajar da ake saukewa a waya ma ku lura, tana neman izinin shiga lambobin mutanenka da saƙonni da inda kake, ga talla kamar ƙudan damina, ni dai na hana ta wurin da nake da hotuna, agogon bai fasa aiki ba.

In don kira da ganin lokaci da ɗan gayu ne, saya, amma kada ka wuce jika bakwai, na ji wani ya samu a haka bayan ni, kuma ka roƙi cajar ta biyu tun a wurin. Ni na sayo wa Inna na'urar damtse mai batir a farmasi, ta fi agogon tsada nesa, majo ya gwada ta da tasa suka zo kusan ɗaya, ƙanwata ke auna ta safe da yamma tana rubutawa a bayan wani tsohon littafin lakwal. Agogon yana hannuna har yanzu, na shiga ciki na nemi yadda zan goge wurin lafiyar gaba ɗaya don kada wani tsoho ya sake miƙo mini hannu, babu hanyar gogewa, sai na manna ɗan baƙin salatif a kan koriyar wutar. Jiya na danna don in gani, ta cikin salatif ɗin ma 12/8 ya ba ni.