Saitin kujeru ko zaman ƙasa: wanne ya dace da ƙaramin falo?

Wata 'yar'uwa daga yankin Ringim ta ce za su koma ciki da falo, falon kuwa ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. A nan za ta karɓi baƙi, a ci abinci, yara su yi karatu, ta ajiye keken ɗinki, kuma idan dangi sun zo a nan za su kwana. Tambayarta ita ce, tsakanin cikakken saitin kujerun kushin da shimfiɗar zaman ƙasa, wanne ya fi.

Malama, a fara da awo kafin a je wurin kafinta. Falonki murabba'in ƙafa 144 ne. Doguwar kujera mai cin mutum uku takan kai kusan ƙafa 7 a tsawo da 3 a faɗi, mai cin mutum biyu kusan 5 da 3, ƙananan biyu kuma kowacce 3 da 3, wato kujerun kaɗai sun cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Idan aka ƙara teburin tsakiya da mazaunin talabijin da wurin da ƙofa take buɗewa, kusan rabi ya tafi, keken ɗinki bai ma shigo ba tukuna. Abin da kika samu da wannan fili shi ne wurin zaman mutum bakwai, kuma kujerun ba sa gusawa idan lokacin salla ko na barci ya yi.

Zaman ƙasa, wato darduma ko ledar ɗaki da siraran katifu a jikin bango da matasan jingina da tum-tum biyu ko uku, yana ɗaukar mutum goma har fiye ranar suna ko gaisuwa. Amfaninsa mafi girma shi ne sauyawa. Da rana a shimfiɗa ledar cin abinci, bayan magariba yara su baje allunansu da littattafansu, da dare a jawo katifun tsakiya su zama makwancin baƙi, da safe kuma a mayar da su. Katifa mai ƙafa 6 da 4 da rabi tana kwanciya a irin wannan falo cikin sauƙi, alhali a tsakanin kujeru sai an fitar da tebur tsakar gida.

Ta fuskar tsafta kowanne yana da wahalarsa. Ƙurar hunturu tana shigewa cikin yadin kushin, ƙarƙashinsa kuma mafaka ce ga ɓera da kuɗin cizo, ga gara da take bin katako idan daɓen yana da tsagu. Shimfiɗar ƙasa ana iya fitar da ita a kakkaɓe a shanya, amma da damina idan daɓen yana tsattsafo, katifa da darduma za su yi warin danshi, don haka sai an fara sa leda mai kauri a ƙasa. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, ki naɗe dardumar ki koma tabarmar kaba, domin ta fi sanyi nesa ba kusa ba.

Inda kujera ta yi nasara shi ne wurin tsofaffi, domin surukar da take fama da ciwon gwiwa zama ƙasa da tashi azaba ce gare ta. Akwai kuma bakin mutane, musamman masu zuwa ganin ɗaki waɗanda suke ƙirga kujeru da ido, sai dai su za su tafi bayan awa guda, ke ce za ki zauna.

Shawarata ita ce ki sa kafinta ya yi miki doguwar kujera guda ɗaya mai buɗaɗɗen ciki, wadda za ki riƙa adana barguna da gidan sauro a cikinta, sauran bangon kuma ki bar wa shimfiɗa. Talabijin a kafa shi a bango, amma ba ta gabas ba, don kada ya tsaya gaban masu salla. Keken ɗinki ya zauna kusa da taga saboda haske, idan an rufe kansa kuma ya zama teburin rubutun yara. Kafin ki ba da kuɗin aiki ki auna faɗin ƙofar, domin ƙofofin gidajen ƙauye da yawa ba sa shigar da kujera mai faɗin ƙafa 3.