Wata shida da ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci

Wasiƙar gwaji da 'yata ta rubuta tana shirin jarabawar WAEC ce ta sa na sayi ƙamus ɗin nan. Ina cikin dubawa na ga ta sa "please borrow me your textbook". Na ce, "Ummi, nan akwai gyara." Ta ce, "Baba, ai haka kowa ke faɗa a ajinmu." Na san ba daidai ba ne, amma na rasa yadda zan warware mata, abin ya tsaya min a rai.

Oxford Advanced Learner's Dictionary na saya, bugu na 10 na shekarar 2020. A. S. Hornby ne ya fara haɗa shi, bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kuma Oxford ta fara buga shi a 1948. Don irinmu aka yi shi, waɗanda ba a haife mu da harshen ba, kuma ana ganin haka a kowane shafi.

Abin da ya fi amfanar mu shi ne 'yan akwatunan da ke jera kalmomi masu kama da juna. A nan Ummi ta ga cewa "borrow" na mai karɓa ne, "lend" na mai bayarwa. Sai na gane inda matsalar take: mu da Hausa kalma ɗaya muke juyawa, na ari littafi, ka ara min littafi, sai yaro ya kwashe wannan tsarin ya kai Turanci. Haka "ji" take yi mana. Muna jin magana, mu ji sanyi, mu ji ƙamshi, Bature kuwa ya raba su "hear", "feel" da "smell". Shi ya sa za ka ji ɗalibi ya ce ya "hear" warin gas. Misalan jimloli da ke bin kowace kalma su suka fi ma'anar kanta gyara mana wannan.

Bayanin duk da Turanci ne, don haka ɗan firamare sai da babba a gefe. Littafin kuma yana da nauyi, a gida yake zama. In muna waje, shafinsu na intanet muke buɗewa a waya, kyauta, har da furucin Ingila da na Amurka.

Yanzu bayan sallar isha'i muna ɗaukar kalmomi biyu kowane dare. Jiya "say" da "tell" muka yi, yau ta ce "live" da "stay" take so, tunda duka "zama" muke ce musu.