Na'urar Littafi Mai Tsarki da na saya wa Mama

Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a Danko-Wasagu muka dawo Zuru, idon Mama ya ƙara rauni, karatu ya gagare ta. Shi ya sa na saya mata 'yar na'urar nan mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ba ta fi tafin hannu ba, kuma akwai sola a bayanta.

Muryar mai karatun a natse take. Maɓallan manya ne, da lalube Mama take kai kanta littafin Ayuba, ba ta kiran kowa. Surori 42 ɗin nan ta saurare su ya fi sau uku. Ran nan na tarar tana tsintar wake, an kai inda Ayuba ya rasa 'ya'yansa da dabbobinsa rana ɗaya. Ta ajiye faifan ta ce, "Ɗana, mayar mini baya." Mu ma shanu muka bari, da rumbu cike da dawa. Da dare ta sa muka ji Romawa sura 5, inda Bulus ya ce wahala tana haifar da jimiri, sannan ta yi wa waɗanda suka kore mu addu'a. Ni kam har yanzu bakina ya kasa.

Na'urar tana da aibi. Ranar hadari cajin sola ba ya kai dare, sai an jona cajar waya, kuma sautin yana shaƙewa idan an ƙure shi. Duk da haka zan saya wa gwaggona irinta kafin Kirsimeti.