Ƙudirin da ya maƙale a Landan saboda kuɗi

Mu da ke zaune a Manchester ba mu manta da abin da ya sami ƙudirin ɗan majalisa Afzal Khan ba. A Disamban 2017 ƙudirinsa na hana rage kujerun majalisar wakilan Birtaniya daga 650 zuwa 600 ya tsallake karatu na biyu da babban rinjaye, aka kafa masa kwamiti. To amma sake shata mazaɓu na cin kuɗi, a nan kuwa ɗan majalisar da ba minista ba bai isa ya ɗora wa baitulmali ko sisin kwabo ba. Ƙa'ida ce tun 1713. Duk sashen ƙudiri da zai ci kuɗi da karkatattun haruffa ake buga shi, kuma kwamiti ba ya taɓa shi sai minista ya gabatar da buƙatar amincewa da kashe kuɗin, majalisa ta yarda. Gwamnatin firaministar lokacin, Theresa May, ta ƙi gabatarwa. Ranar Laraba 'yan kwamiti su hallara, a yi 'yan mintoci ana ƙorafi, shugaba ya ɗage zama, kowa ya kwashi takardunsa. Haka aka yi ta yi sama da shekara, har zangon majalisa ya ƙare a 2019, ƙudirin ya bi ruwa.

Wannan danniya ce, ba ta da wani suna. Dama can damar 'yan majalisar da ba ministoci ba ta gabatar da ƙudiri kaɗan ce: sunan mutum 20 ake cirowa ta hanyar canki-canka, Juma'a 13 kacal aka ware musu a zangon majalisa.

Shi ya sa idan ka kai wa ɗan majalisa kuka a nan, iyakarsa ya rubuta wa minista wasiƙa. Sai kewar gida ta kama ka, inda za ka tare naka a wurin ɗaurin aure ka ce unguwarku ba rijiyar burtsatse.

Sai dai mu ma mun wuce gona da iri. Kowane ɗan majalisa a Abuja na ɗauke da ƙudirin kafa jami'a ko kwalejin tarayya a mazaɓarsa, ba mai tambayar daga ina albashin malamai zai fito. A kafa allo a bakin titi, a zagaye fili da katanga, ɗakin gwaje-gwaje babu ko famfo. Abin ya kai a 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai. 'Yan uwanmu na Gana suna da irin takunkumin Birtaniya a sashe na 108 na tsarin mulkinsu na 1992. Ni dai karkatattun haruffan nan nake so a kawo mana, talaka ya buɗe ƙudiri ya ga layin da zai ci kuɗinsa kafin a kaɗa ƙuri'a.